Dokar kota da matan ƙungiya: wa ke raba kujeru bayan an gama guɗa?

Duk wanda ya taɓa ganin kakar zaɓe a Tawa ya san yadda ake yi. Tun da hantsi an kafa rumfa, an jera kujerun roba, ƴan fada sun kunna lasifika, amma wuri ba ya cika sai matan ƙungiya sun iso. Zane iri ɗaya, kallabi iri ɗaya, hoton ɗan takara a gaba da baya, uwar ƙungiya na tafe da littafin sunaye a hammata. Su ne masu guɗa, su ne masu shiga gida-gida inda namiji ba ya shiga, ranar ƙuri'a kuma layinsu ya fi na kowa tsawo. A Adar, wato yankin Tawa, wannan ba abin mamaki ba ne. Disamba an gama girbi, maza da yawa sun kama hanyar cirani, wasu Abijan, wasu Libiya, wasu Najeriya, gari ya koma hannun mata. A ƙasar Nijar baki ɗaya ma, cikin mutum wajen miliyan 7.4 da aka yi wa rajistar zaɓen 2020, mata sun haura rabi.

Bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 13 ga Disamba 2020, gwaggona, wadda ita ce mai riƙon asusun ƙungiyar unguwarsu, ta tare ni a zaure. Ta ce, "Ɗana, kai da ka yi lakwal, an ce gwamnati ta ba mata kashi ɗaya cikin huɗu. To namu kashin yana hannun wa?" Na ce, "Gwaggo, maganar da tsawo." Ta ce ai ba inda za ta. Abin da na warware mata ran nan, da abin da ya biyo baya, shi ne zan maimaita a nan. Tsarin da zan bayyana na zaɓen 2020 ne, kafin sojoji su karɓi mulki a 2023.

Dokar da ake kira kota ita ce mai lamba 2000-008 ta ranar 7 ga Yuni 2000, zamanin Tanja Mamadu. Ba daga sama ta faɗo ba. Ranar 13 ga Mayu 1991 mata suka cika titunan Yamai, domin kwamitin da ke shirya babban taron ƙasa mace ɗaya tak aka sa a ciki. Ba su koma gida ba sai da aka ƙara musu kujeru, shi ya sa har yau 13 ga Mayu ce ranar matan Nijar. Duk da haka, majalisar dokokin da aka zaɓa a 1999 depite 83 gare ta, mace ɗaya. Wannan abin kunya ne ya taimaka doka ta samu shiga. Da farko ta ce kashi 10 cikin 100 a kujerun zaɓe, kashi 25 a muƙaman naɗi. A 2014 aka ɗaga na zaɓe zuwa 15. A Disamban 2019 aka mai da shi 25, na naɗi kuma 30. Aikinta ya bayyana tun zaɓen farko: a 2004 mata 14 suka shiga majalisa mai kujera 113, a ta 2020 kuma sun kai kashi ɗaya cikin huɗu.

Abu na farko da ke ba mutane mamaki: dokar ba ta ware mata da suna ba. Cewa ta yi kowane jinsi, maza ko mata, kada ya gaza wannan kaso. Saboda haka in matan ƙungiya suka fusata suka ce za su tsayar da lista tasu ta ƴan takara masu zaman kansu, mata zalla, dokar da aka yi dominsu ita za ta tare su. Sai sun nemo maza sun sa. Gwaggo ta yi dariya har da riƙe ciki da ta ji wannan, ta ce ashe akwai ranar da za a nemi namiji don cike gurbi.

Na biyu, kuma nan ne zuciyar maganar: kason ba na ƙungiya ba ne, ba na unguwa ba ne, ba kuma wata kyauta ce da gwamna ko prefe zai raba ba. Sharaɗi ne da aka ɗora wa jam'iyya, kuma sau biyu ake auna ta. Ana auna ta ranar da ta kai jerin ƴan takararta, a ga ko akwai maza da mata. Ana sake auna ta ranar da aka bayyana sakamako na ƙarshe, a ga cikin waɗanda suka samu kujera ko kason ya cika. A lokacin, jerin depitoci kotun tsarin mulki ce ke duba shi, kuma tana da ikon ta yi watsi da shi baki ɗaya. In lista ta faɗi, da mazan ciki take faɗuwa, har da Alhajin da ya kashe kuɗin kamfe.

Sai a duba yadda muke jefa ƙuri'ar depite da ta konseye, wato ɗan majalisar ƙaramar hukuma, a wancan lokacin. Jam'iyya muke dangwala wa, ba mutum ba. A zaɓen depite ana ƙidaya ƙuri'un jihar Tawa, daga Ƙonni zuwa Abalak, daga Madawa zuwa Cintabaradan, a raba kujeru tsakanin jam'iyyu gwargwadon abin da kowace ta samu. Mai zaɓe ba shi da hanyar da zai ce cikin jerin nan wance nake so. To a ce jam'iyya ta ci kujera 8. Kota ta ce aƙalla 2 na mata ne. In 12 ta ci, 3 ke nan. Amma wace mace? Nan doka ta yi shiru. Shugabannin jam'iyya ne ke zama su fitar da sunayen waɗanda za su hau kujerun daga cikin jerin, kuma a ɗakin nan ba a guɗa. Shi ya sa sau da yawa za a ga kason ya cika cif, ba wanda zai kai ƙara, amma wadda ta hau ɗin matar wani babba ce ko ƙanwarsa, wadda ba ta taɓa shan ranar mitin ko ɗaya ba. Masu zanen anko kuwa sun koma gida da sabulu da jika biyu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai kuma wata kafa. Kujera ɗaya ba ta rabuwa huɗu. Dokar zartarwa ta 2001 ta ce kason yana hawa kan jam'iyyar da ta samu aƙalla kujera 3 a mazaɓa. Ƙananan jam'iyyu masu cin ɗaya a nan ɗaya a can, kusan kullum namiji suke turawa. Mace mai son kujera da gaske, lissafin nan ya kamata ta fara yi kafin ta zaɓi inuwar da za ta shiga.

Sai batun mai jiran gado. Kowane ɗan takara yana da wanda aka rubuta a bayansa, wanda zai hau kujerar in mai ita ya rasu, ko ya yi murabus, ko aka naɗa shi minista. Ba banza ba ne, wasu matan ta nan suka shiga majalisa. Amma in jam'iyya ta zo tana cewa "Hajiya, mun sa ki a lista", tambaya ta farko ita ce, a wane layi? Mai kujera ko mai jira? Na ga wadda aka yi wa walima a unguwa, aka yanka akuya, sai bayan zaɓe ta gane a layi na biyu take.

In an fahimci wannan, an fahimci ranar da ƙungiya ke da ƙarfi. Ba ranar babban mitin ba ce, lokacin ciniki ya riga ya faɗa. Makonnin da jam'iyya ke haɗa takardun ƴan takara ne, tana neman sunayen mata ido rufe don kada kotu ta mayar mata da lista. Ƙungiyar da ta zo a lokacin da mace ɗaya da duka suka amince da ita, takardunta a kammale, ta kuma nemi a yi magana kan rabon kujeru tun kafin a ci su, ita ce ake saurara. Matan asusun Mata Masu Dubara, tsarin da aka fara a Maradi a 1991, sun nuna ana iyawa. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 suke fitar da konseye daga cikinsu, domin suna da abu biyu da jam'iyya ke girmamawa: yawan kai, da kuɗin kansu. A ganina kujerar konseye ma ta fi kusa da rayuwar mace fiye da ta depite. A nan ake maganar famfo da harajin kasuwa da rabon filaye, kuma konseyoyi ne ke zaɓen magajin gari daga cikinsu.

Takardu kuwa su ne ƙayar da ke tsayar da mata da yawa. Kundin tsarin mulki na 2010 ya ce a jerin ƴan takarar depite, aƙalla kashi 75 cikin 100 su kasance masu BEPC, wato takardar kammala zangon farko na sakandare, ko makamancinta. Ragowar gurbin na marasa takarda, manyan ƴan kasuwa ne ke rububinsa, don haka mace marar BEPC da wuya ta samu wuri komai farin jininta. A ƙauyukan da ake cire yarinya daga aji a yi mata aure, mai wannan takarda zinariya ce. Ƙasa da wannan akwai takardar haihuwa, wadda in babu ita katin ɗan ƙasa ma wuya yake, balle takara. Shekarun zaɓe 18 ne, na takarar depite 21.

Ita ƙungiyar fa, mene ne matsayinta? In reshen mata ne na jam'iyya, ƙarƙashin dokar jam'iyyu take, shugabanninta kuma na jam'iyyar ne. In ƙungiya ce mai zaman kanta, dokar ƙungiyoyi ta 1 ga Maris 1984 ke kula da ita, mai neman a kai takardun kafuwa a samu amincewar ma'aikatar cikin gida. Yawancin na unguwanninmu ba su da ko ɗaya, adashi ne da zumuncin biki da suna, sai kakar zaɓe ta zo a manna musu tuta. Ba laifi ba ne, amma marar takarda ba ta da bakin magana a gaban hukuma.

Lokacin kamfe ma yana da iyaka. A 2020 na shugaban ƙasa da depitoci an buɗe shi 5 ga Disamba aka rufe 25, aka yi zaɓe 27. Dokar zaɓe ta hana farfaganda a ɓoye kafin a buɗe, ta hana amfani da motoci da kayan gwamnati, ta hana kamfe a wuraren ibada, ta hana sarakuna shiga ciki. Ta kuma hana kyautar kuɗi ko kaya da nufin karkato ƙuri'a. Kowa ya san buhunan shinkafa da kwalayen sukari da ke yawo da dare, kowa ya san ba a cika hukunta kowa ba. Amma uwar ƙungiya ta tuna, kayan ta hannunta suke bi, kuma mai aikowa ba ya sa hannu a takarda. Rantsuwar da ake sa wasu su yi kafin a ba su, doka ba ta san da ita ba, ɗakin dangwala na sirri ne. Abin da ƙungiya za ta iya yi da rana tsaka, kuma ya fi guɗa amfani, shi ne ta ba da ƴaƴanta masu karatu su zama wakilan jam'iyya a rumfunan zaɓe. A nan take ake ƙidaya ƙuri'a bayan an rufe, a gaban wakilai, su kuma su rubuta abin da suka gani.

Wani abu da shugabannin jam'iyya ba su cika faɗa wa reshen mata ba: a dokar jam'iyyu ta Disamban 2010, kashi 10 na tallafin da gwamnati ke ba jam'iyyu ana raba shi ne gwargwadon yawan matan da kowace ta samu aka zaɓa. Ashe mace a kan kujera kuɗin shiga ce ga jam'iyya, ba alfarma ake yi mata ba. Kason naɗi kuwa shi ne gurgun dokar. Ba kotun da ke tsare ƙofa kafin a yi naɗi yadda ake tsare lista, shi ya sa gwamnatin da aka kafa a Afrilun 2021, ana cewa kashi 30 cikin 100, mata a cikinta ko kashi 20 ba su kai ba.

Duk wannan bayanin tsarin da aka yi zaɓen 2020 da shi ne, kuma kiɗa ya canza. Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka karɓi mulki, aka jingine kundin 2010. A Afrilun 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa masu riƙo. Ranar 26 ga Maris 2025 aka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa, Janar Abdurahman Tiani ya karɓi wa'adin shekara 5 da ake iya sauyawa, aka kuma rusa jam'iyyu duka. Yau babu jam'iyya balle reshen mata, kuma ƙungiyar da ta ɗaga tsohuwar tuta ta jawo wa kanta magana. Ranar da aka zo rubuta sababbin dokokin zaɓe da na jam'iyyu, layukan da ya kamata mata su sa wa ido ƴan kaɗan ne: nawa kason yake, daga kujera nawa yake fara aiki, wa ke fitar da sunayen masu hawa, da kuma sharaɗin takardar makaranta. A 1991 ma kan kwamitin shirye-shirye aka yi rigimar, tun ba a kai ga taron ba.

Da na je gaishe ta kwanan baya, na tarar da gwaggo ta juya littafin adashi ta baya, ta sa jikarta ta ja layi uku: suna, takardar haihuwa, BEPC. Layin ƙarshe kusan fari fat yake, sai sunaye biyu. Ɗaya malamar makaranta ce, ɗaya kuma amaryar da aka kawo unguwar bara, wadda har yanzu ba a sa ta a adashin ba. Gwaggo ta ce, "Ɗana, ba a fafe gora ranar tafiya." Ta aiki yarinya ta kira amaryar.