Takardar Izinin Binciken Dare a Shari'o'in Caca a Amurka

Takardar izinin binciken dare umarni ne da alƙali ke sa wa hannu, wanda ke bai wa jami'an tsaro damar shiga gida ko wani wuri su yi bincike bayan sa'o'in da doka ta ɗauka a matsayin rana. A Amurka ba a ba da ita haka kawai. Bayan ƙwaƙƙwaran dalilin da ake buƙata kafin a ba da kowace takardar bincike, sai mai nema ya ƙara da hujjar da ta hana a jira gari ya waye. Batun yakan taso a binciken haramtacciyar caca, domin harka ce da kasuwarta ta fi ci da dare.

Asali

Gyara na Huɗu a Kundin Tsarin Mulkin Amurka, wanda aka amince da shi a 1791, ya hana bincike da kamu marasa dalili, amma bai ambaci dare ko rana ba. Ƙyamar kutsen dare ta girme shi. Dokar kwastan da majalisar dokokin Amurka ta farko ta yi a 1789 ta yarda a shiga gida neman kayan fasa-ƙwauri da rana kaɗai. A 1958, a shari'ar Jones, Kotun Ƙoli ta duba yadda jami'an tarayya suka shiga wani gida a jihar Jojiya bayan ƙarfe 9 na dare suna neman kayan dafa barasa, alhali takardar da suka karɓo ta rana ce. Mai shari'a Harlan ya rubuta cewa da wuya a samu keta sirri da ya wuce a faɗa wa mutum gida da dare. Dalilin a fili yake: mutanen gida suna barci, akwai mata da yara, kuma wanda aka tasa a firgice cikin duhu yana iya ɗaukar ɗan sanda a matsayin ɓarawo, a yi asarar rai.

Ma'aunin tarayya da na jihohi

Ƙa'ida ta 41 ta Dokokin Shari'ar Laifuka na Tarayya ta ce rana ita ce daga ƙarfe 6 na safe zuwa 10 na dare, da agogon wurin. Dole a aiwatar da takarda cikin kwana 14, kuma da rana, sai dai in alƙali ya gamsu da dalili ya rubuta ƙarara cewa a yi a wani lokaci. Kafin gyaran 1972 sharaɗin ya fi haka tsauri: sai takardar rantsuwa ta nuna tabbacin cewa kayan suna wurin.

Yawancin samamen caca 'yan sandan jihohi ke kai shi, kuma kowace jiha da agogonta. A Kalifoniya rana takan fara daga 7 na safe zuwa 10 na dare. A Niyok daga 6 na safe ne zuwa 9 na dare, kuma mai nema zai nuna cewa ba za a iya binciken a wannan tsakani ba, ko kuma za a kwashe kayan ko a lalata su in ba a kama su nan take ba. Minesota ta fi matsewa, daga 7 na safe zuwa 8 na dare, sai in binciken dare ya zama dole don kada kayan su salwanta, ko don kare jami'ai da jama'a.

Abin da ya keɓanci caca

Majalisar Amurka ta sassauta wa binciken miyagun ƙwayoyi: dokar tarayya ta yarda a aiwatar da takardarsa dare ko rana, kuma a shari'ar Gooding ta 1974 Kotun Ƙoli ta ce ba sai an kawo wani dalili na musamman ba. Mai shari'a Marshall bai yarda da hukuncin ba. Caca ba ta samu wannan rangwame ba. Sassaucin da ta samu na wani fanni ne. Wata doka da majalisar ta yi a 1970 ta mayar da gudanar da haramtacciyar caca laifin tarayya idan ta saɓa wa dokar jiha, mutum biyar ko fiye ke tafiyar da ita, kuma ta shafe fiye da kwana 30 ana yi ko tana tara dala 2,000 a rana guda. Dokar ta ƙara da cewa in mutum biyar sun gudanar da ita kwana biyu a jere, to wajen neman takardar bincike a ɗauka an samu dalilin cewa kuɗin sun kai. Wannan ya sauƙaƙa samun takardar, amma bai taɓa batun sa'a ba.

Don haka jami'i kan dogara da hujjoji iri biyu. Na farko, cewa laifin da kansa da dare yake aukuwa. Ɗakin karta da ake buɗewa da tsakar dare a watse kafin asuba, in aka je da hantsi ba za a tarar da komai ba sai tebur da kujeru. 'Yan wasan da mai gidan duk sun tafi da kuɗin. Wannan hujja ce mai ƙarfi, musamman in jami'in ya yi dakon wurin dare da yawa ya rubuta lokutan shiga da fita. Na biyu, cewa shaidar tana da saurin ɓacewa. Dillalan cacar wasanni sun shahara da rubuta lissafinsu a kan wata takarda da ke ƙonewa ƙurmus da zarar wuta ta taɓa ta, ko wadda ke narkewa a bokitin ruwa. Sai dai wannan hujjar ta fi dacewa da neman shiga ba sallama fiye da neman shiga da dare, tunda takardar da za ta ƙone ƙarfe 2 na dare za ta ƙone ƙarfe 2 na rana. Nan ne ya kamata alƙali ya buɗe ido, ya bambance gidan caca da gidan da dillali ke kwana da iyalinsa. A shari'ar Richards ta 1997, wadda ta shafi shiga ba sallama, kotu ta ƙi yarda a yi wa wani rukunin laifi kuɗin goro, ta ce a duba kowane lamari da hujjarsa.

Caca ta daɗe tana gwada iyakar bincike a Amurka. A shari'ar Spinelli ta 1969, hukumar FBI ta bi sawun wani mutum kwana biyar har ta ga ya shiga wani ɗaki mai layin tarho biyu a birnin St. Louis, wani mai tsegumi kuma ya ce dillalin caca ne. Kotu ta ce wannan bai isa ba, domin ba a faɗi yadda mai tsegumin ya sani ba. Shari'ar Gates ta 1983 ta sassauta, ta ce a auna bayanan gaba ɗaya.

Idan aka saɓa

Tun shari'ar Mapp ta 1961, shaidar da aka samu ta hanyar keta Gyara na Huɗu ba ta shiga kotun jiha. Amma kotunan tarayya sukan ɗauki saɓa wa sa'o'in Ƙa'ida ta 41 a matsayin kuskuren tsari, ba sa watsar da shaida sai an nuna ganganci ko an cutar da wanda ake tuhuma. Shari'ar Leon ta 1984 kuma ta kare jami'in da ya dogara da sa hannun alƙali da zuciya ɗaya. Wasu jihohin sun fi tsanani: a 2007 Kotun Ƙolin Minesota ta watsar da shaidar wani binciken dare da aka ba da izininsa ba da isasshen dalili ba.

Tun daga 2018, da Kotun Ƙoli ta soke dokar da ta hana jihohi halatta cacar wasanni, jihohi da dama sun halatta ta, lissafin haramtacciyar kuma ya koma cikin waya da kwamfuta. Ƙa'ida ta 41 ta ce wa'adin takarda ya shafi kama na'urar ne ko kwafe abin da ke cikinta a wurin. Nazarin bayanan ana iya yin sa daga baya.