Yajin aikin ma'aikatan jiragen ƙasa: tasirinsa a kan masu zuwa aiki da ma'aikatunsu

Yajin aikin jiragen ƙasa shi ne ma'aikatan layin dogo su haɗa baki su ajiye aiki na wani lokaci, galibi a ƙarƙashin ƙungiyar ƙwadago, don tilasta wa kamfani ko gwamnati sauraren buƙatunsu a kan albashi, fansho, sa'o'in aiki ko rage ma'aikata. Ya bambanta da yajin masana'anta ta fuska ɗaya mai muhimmanci. Idan masaƙa ta tsaya, mai masaƙar ne ke fara jin zafi. Idan jirgi ya tsaya, wanda ke fara ji shi ne mutumin da ba ya cikin rigimar, wato wanda ke shiga jirgi kullum ya tafi aiki ya dawo, sai kuma ma'aikatar da ke jiran isowarsa. Wannan nauyi kuwa ba ya sauka daidai a kan kowa.

Dalilin da ya sa layin dogo ke saurin tsayawa

Jirgi ba ya motsi sai hannuwa da yawa sun haɗu: direba, mai ba da sigina, masu gyaran layi, ma'aikatan tasha, a wasu layukan har da mai kula da ƙofofi. Rukuni ɗaya ya janye, sauran sun zama 'yan kallo. Koyar da direba ko mai sigina yana cin watanni masu yawa, kuma direba ba ya tuƙi a layin da bai san shi ba, don haka ba a iya ɗebo wasu daga waje a cike gurbi cikin kwana biyu. Ƙarfin waɗannan ƙungiyoyi daga nan yake fitowa.

An ga haka a Birtaniya a ranakun 21, 23 da 25 ga Yunin 2022, lokacin da kimanin mambobi 40,000 na ƙungiyar ma'aikatan layin dogo da sufuri ta RMT, a ƙarƙashin shugabanta Mick Lynch, suka yi yajin jiragen ƙasa mafi girma a ƙasar tun 1989. Saboda masu sigina na Network Rail, kamfanin da ke kula da layukan dogon ƙasar, suna ciki, kusan jirgi ɗaya cikin biyar ne ya yi aiki, an rufe wajen rabin layukan ƙasar, waɗanda aka buɗe ma daga ƙarfe 7:30 na safe ne zuwa 6:30 na yamma. Ranakun da ke tsakani su ma ba su tsira ba, domin jiragen sun kwana a inda bai kamata ba, masu aikin dare kuma ba su fito ba, sai safiya ta fara a makare. Yajin kwana uku ya ɓata kusan mako guda.

Ƙungiyoyi sun san wannan lissafi. A 2018 ma'aikatan SNCF, kamfanin jiragen ƙasa na Faransa, sun tsara yajin kwana biyu cikin kowane kwana biyar daga Afrilu zuwa Yuni. Akwai kuma hanyar da ba ta kai yaji ba, wato ƙin yin aikin ƙarin lokaci. Inda kamfani ya saba dogaro da direbobin da ke fitowa ranar hutunsu, wannan kaɗai ya isa a yi ta soke jirage ba tare da an ce ana yaji ba.

Masu zuwa aiki

Abin da mai zuwa aiki ke fara rasawa shi ne lokaci. Tafiyar minti arba'in takan koma awa biyu, sai ya tashi tun da asuba, ya dawo bayan yara sun yi barci. Sai kuɗi: tasi, man mota, kuɗin ajiye mota, wani lokaci har da kwana a masauki kusa da wurin aiki, ga ƙarin abin da zai biya mai rainon yara saboda ya makara. Mai tikitin wata ko na shekara ya riga ya biya kuɗin jirgin da bai zo ba. A Birtaniya ana iya neman diyyar wannan ta tsarin da kamfanoni ke biyan fasinjan da aka ɓata wa lokaci, amma diyyar kuɗin tikiti ce kawai, ba ta shafi abin da ya kashe a tasi ko albashin da ya rasa ba.

Akwai kuma wahalar rashin tabbas, wadda ba ta shiga lissafin asara amma masu shiga jirgi sun fi kokawa da ita. Rashin sani ya fi dare duhu. Wanda ya tabbata babu jirgi gobe zai nemi mafita tun yau. Wanda aka ce masa wataƙila jirgi ɗaya cikin uku zai zo, shi ne zai tsaya a tasha cikin turmutsitsi, jirgin ya iso a cike maƙil, ya wuce ya bar shi.

Wanda ya fi shan wuya shi ne wanda aikinsa ke buƙatar jikinsa a wurin: ma'aikaciyar jinya, mai shara, mai gadi, mai girki, mai jiran kanti, magini, malamin makaranta. Da yawansu tsadar haya ce ta kore su zuwa bayan gari, jirgin shi ne ya sa zama a can ya yiwu. Da yawansu ba su da mota. Wasunsu kuma da awa ake biyansu, ranar da ba su iso ba babu ko sisi. Masu larurar jiki suna cikin wani hali na daban, domin jirgin da ke da wurin keken guragu da ma'aikacin da zai taimaka a tasha ba a samun madadinsa cikin sauƙi a bas mai cunkoso. Haka ɗalibai masu jarrabawa da marasa lafiya masu ranar ganin likita. Abin takaici ne cewa yajin da ake yi don kare albashin ma'aikaci yakan fi cutar da wani ma'aikacin da albashinsa bai kai na mai yajin ba, kuma wannan batu ne da ya kamata ɓangarorin biyu, kamfani da ƙungiya, su riƙa ɗora shi a teburin shawara.

Abin da ke faruwa a kan titi

Fasinjojin ba sa ɓacewa, kan kwalta suke komawa, sai wanda bai taɓa shiga jirgi ba ma ya ji a jikinsa. A 2003 ma'aikatan sufurin jama'a na Los Angeles sun yi yajin kwana 35. Masanin tattalin arziki Michael Anderson ya bi bayanan manyan titunan birnin ya gano cewa jinkirin da masu mota ke yi a lokacin cunkoso ya ƙaru da kashi 47 cikin ɗari, alhali masu shiga sufurin jama'a a birnin ba su da yawa idan aka kwatanta da masu mota. Dalili shi ne masu shiga jirgi su ne waɗanda hanyarsu ta fi cunkoso tun asali, don haka motocinsu suna ƙaruwa ne daidai inda titi ya riga ya cika.

Wani bincike da Bauernschuster da Hener da Rainer suka yi a kan yaje-yaje 71 na sufurin jama'a a manyan biranen Jamus biyar ya nuna cewa a safiyar yaji haɗarin mota yana ƙaruwa, iska tana ƙara gurɓata, ana kuma ƙara kwantar da ƙananan yara a asibiti saboda matsalar numfashi.

Akwai wani sakamako da ba a zata ba. A yajin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan a Fabrairun 2014 an rufe wasu tashoshi an bar wasu, sai mutane suka gwada sababbin hanyoyi. Masu binciken da suka bi bayanan katin shiga jirgi sun gano cewa kusan mutum ɗaya cikin ashirin na waɗanda abin ya shafa bai koma tsohuwar hanyarsa ba, ya samu wadda ta fi.

Ma'aikatu, da tambayar wa zai ɗauki asarar ranar

A wajen ma'aikatu, asarar tana zuwa ta ƙofa biyu: ma'aikata ba su iso ba, ko masu saye ba su iso ba. Ofishin lissafi ko na inshora yakan ɗaga taro, aikin ya jira gobe. Asibiti ba shi da wannan zaɓi. Idan mai karɓar aikin safe bai iso ba, wanda ya kwana yana aiki ne zai ci gaba, ko a ɗaga tiyatar da ba ta gaggawa ba. Masana'antar da ke aikin karɓa-karɓa ita ma haka, rashin mutum biyu ko uku a layin haɗa kaya yana iya rage aikin kowa.

Ƙofa ta biyu ta fi zafi ga gidajen abinci, otal-otal, gidajen wasan kwaikwayo da kantunan da ke kewaye da manyan tashoshi. Cinikin da bai zo yau ba ba ya dawowa gobe. Ƙungiyar masu otal da gidajen abinci ta Birtaniya, UKHospitality, ta ƙiyasta asarar fam biliyan 1.5 saboda yajin Disambar 2022, lokacin da ya fi kowane kawo musu ciniki a shekara. Irin wannan adadi ƙiyasi ne na masu ruwa da tsaki, kuma wani ɓangaren kuɗin ba ɓacewa yake yi ba, yana komawa ne kantunan unguwannin da mutane suka wuni.

A kan albashi kuwa, dokar ƙasashe da yawa tana ɗora alhakin isa wurin aiki a wuyan ma'aikaci. A Jamus ƙa'idar ita ce wanda ya makara saboda yajin jirgi ba shi da haƙƙin albashin lokacin da ya rasa. A Birtaniya ma babu dokar da ta tilasta a biya wanda bai iso ba, sai in kwantiraginsa ko al'adar ma'aikatar ta tanadi haka. Abin da ya rage sai fahimtar juna: a sauya lokacin shiga da tashi, a yi musayar ranaku, a cire daga hutun shekara, a rama sa'o'in daga baya, ko kamfani ya ɗauki hayar bas. Ma'aikatar da ta fito da matsayinta a rubuce kwanaki kafin yaji tana rage wa mutanenta rabin damuwa. Wadda ta yi shiru sannan ta zaftare albashi ko ta ba da takardar gargaɗi, ta tsira da kuɗin rana ɗaya amma ta zubar da amanar da za ta daɗe ba ta dawo ba, musamman idan manyan ofis suna gida a gaban kwamfuta, ƙanana ne kaɗai aka hukunta.

Aiki daga gida

Annobar korona ta sauya lissafin yaji. A Faransa a 1995, lokacin da aka yi makonni uku jirage a tsaye don adawa da shirin firaminista Alain Juppé, mutanen Paris sun riƙa taka sayyada na sa'o'i ko su roƙi masu mota su rage musu hanya, saboda babu wata hanyar yin aikin. Yau ma'aikacin ofis yakan buɗe kwamfutarsa a gida. Hukumar ƙididdiga ta Birtaniya ta samu cewa a Disambar 2022 da farkon Janairun 2023 kusan mutum ɗaya cikin biyar ya ce yajin jirage ya ɓata masa shirin tafiya, amma cikin waɗannan, waɗanda suka kasa yin aiki ba su kai ɗaya cikin goma ba.

Wannan ya rage asarar tattalin arziki gaba ɗaya, amma ya ƙara faɗaɗa ratar da ke tsakanin masu zaɓi da marasa zaɓi. Ya kuma rage matsin da ke kan gwamnati, tunda masu faɗa a ji ba sa tsayuwa a tasha. Mai yiwuwa yana cikin dalilan da suka sa rigimar ASLEF, ƙungiyar direbobin jiragen ƙasa ta Birtaniya, ta ja daga 2022 har Satumbar 2024, kafin a daidaita a kan ƙarin albashi na kusan kashi 15 cikin ɗari na shekara uku.

Yadda dokoki ke ƙoƙarin kare fasinja

Kowace ƙasa da inda ta ja layi tsakanin 'yancin yaji da haƙƙin jama'a. Italiya, bisa dokar 1990, tana tabbatar da jiragen yankuna a ranakun aiki daga ƙarfe 6 zuwa 9 na safe da kuma 6 zuwa 9 na dare, wato daidai lokacin tafiya aiki da dawowa. Faransa ta kafa doka a 2007 da ta wajabta wa ma'aikacin da zai shiga yaji ya sanar awa 48 kafin lokaci, domin kamfani ya fitar da jadawalin da fasinja zai dogara da shi. Jamus ba ta da tsayayyen wa'adin sanarwa a doka, kotuna ne ke duba ko yajin ya wuce gona da iri. A rigimar ƙungiyar direbobi ta GDL da kamfanin jiragen ƙasa na Deutsche Bahn a farkon 2024, shugaban ƙungiyar Claus Weselsky ya kai ga daina ba da sanarwar awa 48 da aka saba, kafin a cimma yarjejeniyar rage sa'o'in aiki daga 38 zuwa 35 a mako nan da 2029.

A Amurka dokar ƙwadagon layin dogo ta 1926 tana jan rigima ta matakan sulhu masu tsawo, majalisa kuma tana iya tsoma baki, kamar yadda ta yi a Disambar 2022 ta hana yajin jiragen dakon kaya. Jihar New York ta haramta wa ma'aikatan gwamnati yaji tun 1967. Duk da haka ma'aikatan sufurin birnin New York sun ajiye aiki kwana uku a Disambar 2005, aka ci ƙungiyarsu tarar dala miliyan 2.5, kowane ma'aikaci kuma ya rasa albashin kwana biyu a kan kowace ranar yaji.

Birtaniya ta gwada wata hanya a 2023 da dokar da ta bai wa kamfanoni damar tilasta gudanar da kashi 40 cikin ɗari na jirage a ranar yaji. A Janairun 2024 kamfanin jirgin ƙasa na LNER ya nuna zai yi amfani da ita, sai ASLEF ta ƙara masa kwana biyar na yaji. Kamfanin ya janye, ƙungiyar ma ta janye ƙarin kwanakin. Babu kamfanin jirgin da ya aiwatar da dokar, kuma gwamnatin jam'iyyar Leba da ta hau mulki a Yulin 2024 ta sanar da cewa za ta soke ta.