Guraben horo a ƙasashen waje: kira ga ma'aikatan lafiya na gwamnati

'Yan uwana ma'aikatan lafiya, musamman ku da ke ƙananan hukumomi da ma'aikatun lafiya na jihohi, akwai maganar da ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya. Kowace shekara ana buɗe guraben ƙaro ilimi da horo a ƙasashen waje, kuma kowace shekara sai in ga mutanenmu sun naɗe hannu suna cewa ai wannan na masu uwa a gindin murhu ne. Wanda bai cika fom ba kuwa, ko wa ya sani a sama, ba za a ɗauke shi ba.

Gwamnatin Birtaniya tana da tallafin Chevening, wanda ke biyan kuɗin digiri na biyu na shekara ɗaya, da na jirgi, da na zama. Ana buɗe shi a watan Agusta. Sharaɗinsa shi ne digirin farko, da aikin da ya kai awa 2,800, wato kimanin shekara biyu, da alkawarin dawowa gida ka zauna aƙalla shekara biyu bayan kammalawa. Da shi mutum zai iya karanta lafiyar al'umma a makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Landan ko ta Liverpool. Amurka tana da shirin Humphrey na wata goma, ba digiri ake bayarwa ba, ana neman wanda ya shekara biyar yana aiki. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Tarayyar Afirka da ke Addis Ababa tana da shiri mai sunan Kofi Annan domin manyan jami'ai. Kwasa-kwasan JICA, hukumar Japan mai tallafa wa ƙasashe masu tasowa, kuwa ta hannun gwamnatinmu ake bi, ita ke tura sunaye, don haka takardar gayyata tana iya zuwa ma'aikata ta kwanta a kan tebur har wa'adi ya wuce idan babu mai bibiya.

Abin da na fi so ku gane shi ne, aikin da kuke rainawa shi ne jarinku. Masu tantancewa sun gaji da karanta "ina so in taimaki al'ummata". Suna so su ji yadda ka gano ɓarkewar amai da gudawa a wata unguwa, rijiya nawa aka zuba wa sinadarin kulorin, da yadda ka shawo kan mai unguwa da liman har iyaye suka fito da yara aka yi musu rigakafin ƙyanda. Jami'in sa ido kan cututtuka da ya yi shekara shida yana hawa babur zuwa ƙauyuka a lokacin sanƙarau yana da labarin da ɗan ofis ba shi da shi. Matsalarmu ba ma rubutawa. Ka samu littafi tun yau, ka riƙa ajiye kwanan wata, da adadi, da abin da ka yi da hannunka.

Kuma ba sai an tsallaka teku ake farawa ba. Tun 2008 Najeriya take da shirin horar da masu bin diddigin annoba a fagen aiki, tare da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Ibadan, na shekara biyu, akwai kuma gajere na wata uku domin ma'aikatan ƙananan hukumomi. Ɗaliban wannan shiri suna cikin waɗanda suka shiga ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, suna kuma cikin masu bin sawun waɗanda suka yi mu'amala da masu Ebola a Legas a 2014. Wanda ya bi ta nan, takardarsa tana da nauyi a ko'ina.

Inda aka fi faɗuwa shi ne takardar izinin tafiya karatu daga wurin aiki. Na san wata abokiyar aiki da aka ɗauka, ta yi murna, amma fayil ɗinta na hutun karatu ya maƙale tsakanin ofis da ofis har ranar tafiya ta wuce. Har yau abin yana min ciwo. Ki sanar da daraktanki tun ranar da kika fara cika fom, 'yar uwa, a rubuce, ki ajiye kwafi mai hatimi. Ku kuma shugabanninmu, ranku ya daɗe, ma'aikacin da kuka ba izinin tafiya ya dawo da ilimi jiharku zai yi wa aiki, a taimaka a sa hannu da wuri.

Fasfo, da takardar sakamakon jami'a, da wasiƙun mutum biyu da suka san aikinka, duk a tanade su kafin a buɗe gurbi, domin fitar da sakamako daga jami'a kaɗai kan ci watanni. Waɗannan shirye-shiryen na ƙasashen waje da na ambata ba a biyan ko sisi wajen nema. Duk wanda ya turo maka saƙo a WhatsApp yana neman kuɗin fom ko na "gyara suna", ɗan damfara ne, ka je shafin hukumar da kanka ko ka tambayi ofishin jakadancin ƙasar a Abuja.