Idan ɗanka ya ci zarafin wata a WhatsApp, wa doka za ta kama?

A ce 'yan aji biyar na wata sakandare sun buɗe guruf a WhatsApp don tura wa juna aikin gida. Wata rana ɗaya daga cikinsu ya ɗauki hoton wata 'yar ajin tana gyangyaɗi, baki buɗe, ya mayar da shi sitika. Aka yi dariya. Kafin mako ya zagayo sitikar ta tsallaka guruf ɗin unguwa, wani ya liƙa mata rubutu cewa a ɗakin saurayi ta kwana shi ya sa take barci a aji, wani kuma ya ɗora a sitatus. Yarinyar ta daina zuwa makaranta, kullum sai ta ce wa mahaifiyarta cikinta ke ciwo. Mutanen gidan ba su san abin da ake ciki ba sai da gwaggonta ta ga hoton a wayar maƙwabta.

Uban yarinya zai so ya san ko akwai inda zai kai ƙara. Uban yaron da ya fara abin kuma, maganarsa ba ta wuce "ai yara ne, wasa suke yi." Dokokin Najeriya sun amsa wa kowannensu, sai dai amsar ba a takarda ɗaya take ba.

Wadda aka fi ambata ita ce Dokar Laifukan Intanet, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Mayun 2015, musamman sashe na 24. Yadda aka rubuta shi da farko, ƙaramin sashe na ɗaya ya kama duk wanda ya aika saƙo mai muni, ko na batsa, ko ƙarya da gangan don ya ɓata wa wani rai, ya zage shi ko ya tayar masa da hankali. Hukuncinsa ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 7 ba, ko duka biyun. Kalmomin sun yi faɗi da yawa, har masu mulki suka riƙa kama 'yan jarida da masu sukarsu da su. A 2020 kotun ECOWAS ta ce sashen ya tauye 'yancin faɗin albarkacin baki, ta umarci Najeriya ta gyara shi. An yi gyaran a Fabrairun 2024 zamanin Shugaba Bola Tinubu. Yanzu ƙaramin sashen ya tsaya kan abu biyu: saƙon batsa, da saƙon da mai aikawa ya san ƙarya ne kuma ya aika don ya tayar da fitina a gari ko ya jefa ran wani cikin haɗari.

Gyara ne mai kyau ta fuskar 'yancin magana, ba na ja da shi. Amma ya kamata iyaye su san sakamakonsa: zagi, habaici, laƙabin tsiya, yi wa yaro dariyar halittarsa ko talaucin gidansu, duk da su ne mafi yawan abin da ke hana yara barci, ba su shiga wannan ƙaramin sashen yanzu. Sitikar yarinyar can, idan ita kaɗai ce, da wuya ta zama laifi a ƙarƙashinsa.

Ƙaramin sashe na biyu shi ne mai nauyi, kuma yana nan yadda yake. Duk wanda ya aika saƙo don ya muzguna wa wani, ya yi masa barazana ko ya matsa masa, har saƙon ya sa shi tsoron mutuwa ko duka ko rauni, yana fuskantar ɗaurin shekara 10, ko tarar da ba ta gaza naira miliyan 25 ba, ko duka. Yaron da ya rubuta wa ɗan ajinsu "wallahi in ka fito daga makaranta sai mun sare ka," ya haɗa da hoton wuƙa, a nan maganarsa ta faɗa. Haka wanda ya yi barazanar ɓata sunan wani don a ba shi kuɗi ko wani abu mai daraja: shekara 5, ko tarar da ba ta gaza naira miliyan 15 ba, ko duka. Wannan shi ne "ki turo min kati ko in saki hotonki." Kada wani ya ɗauka ƙaramin abu ne. A Satumban 2024 wata kotu a jihar Michigan ta Amurka ta ɗaure wasu 'yan'uwa biyu daga Legas shekara 17 da rabi kowannensu, bayan irin wannan barazana tasu ta sa wani ɗan shekara 17 ya kashe kansa. A Yulin shekarar kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya ce ya rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Najeriya saboda wannan sana'a.

Sai sashe na 23, wanda nake ganin shi ne iyaye suka fi jahilta. Hoto ko bidiyon tsiraici na duk wanda bai kai shekara 18 ba, ɗaukarsa da rarraba shi laifi ne mai ɗaurin shekara 10 ko tarar da ta kai naira miliyan 20, ajiye shi kawai a waya kuma ɗaurin da bai wuce shekara 5 ba ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 10 ba. Babu ruwan sashen da cewa yarinyar da kanta ta ɗauka ta tura wa saurayinta, kuma bai ware wanda ya tura "don jama'a su gani su yi Allah wadai" ba. Sau da yawa manya ne ke ƙarasa ɓarnar: uwa ta tura wa 'yar'uwarta tana salati, ita kuma ta jefa a guruf ɗin dangi tana neman a yi wa zuri'a addu'a. Kowace turawa yaɗawa ce, kuma kowace waya da hoton ya sauka cikinta ta ƙara wa yarinyar shekarun kunya. Dokar ba ta ambaci admin na guruf da suna ba, amma sashe na 27 ya ce wanda ya taimaka, ya zuga ko ya haɗa baki a laifi, hukuncinsa ɗaya da mai aikatawa.

To, ƙaryar da aka liƙa wa hoton fa? A nan tsofaffin dokokin Arewa ke shigowa. Kundin hukunta laifuka na Final Kod ya tanadi laifin ɓata suna a sashe na 391, hukuncinsa a na 392 ɗaurin da ya kai shekara 2 ko tara ko duka. Akwai kuma laifin tsoratarwa da na zagin da aka yi da nufin tunzura mutum ya tayar da rikici. Wasu jihohi, kamar Kaduna, sun sake rubuta kundinsu, lambobin sassan sun canza amma laifukan suna nan. Kotuna na amfani da su a kan abin da aka yi a waya: a Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu 'yan TikTok biyu bulala ashirin-ashirin da tara saboda ɓata sunan gwamnan lokacin. Abin da ke damuna shi ne yadda irin wannan ƙara ke gudu idan babban mutum aka taɓa, ta yi rarrafe idan 'yar talaka ce. A jihohin da ke aiki da kundin shari'ar Musulunci tun daga 2000, jifan mutum da zina ba tare da shaidu huɗu ba ƙazafi ne, haddinsa bulala 80 kamar yadda ya zo a Suratun Nur. Malaman Malikiyya ma sun ce jirwaye mai kamar wanka, idan kowa ya gane zina ake nufi, hukuncinsa ɗaya da faɗa ƙarara. Sai dai ba a tsayar da haddi a kan wanda bai balaga ba.

Batun "ai yaro ne" yana da iyaka a doka. Sashe na 50 na Final Kod ya ce yaron da bai kai shekara 7 ba ba shi da laifi sam. Daga 7 zuwa ƙasa da 12, sai an duba ko hankalinsa ya kai ya gane abin da ya yi da abin da zai haifar. Daga 12 zuwa sama wannan rangwamen ya ƙare. Ɗan aji biyar na sakandare ya wuce wurin da nisa.

Abin da ƙuruciyarsa ke canzawa shi ne yadda za a yi masa shari'a. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro, ta ce a sashe na 204 ba za a bi da shi ta hanyar da ake bi da manyan masu laifi ba, sai ta tsarin shari'ar yara. Kotun iyali ce ke zama, ba a buɗe wa 'yan kallo, ba a buga sunansa. Ba a kai shi gidan yari na manya. Alƙali na iya yi masa gargaɗi ya sallame shi, ko ya sa shi ƙarƙashin kulawar jami'in jin daɗin jama'a, ko ya tura shi a yi masa nasiha, ko aikin al'umma, ko gidan gyaran hali idan laifin babba ne. Dokar ta tarayya tana aiki kai tsaye a Abuja ne, jihohi kuma kowace da tata: Kaduna ta yi a 2018, Kano a 2023, kuma lafazinsu yakan ɗan bambanta da na tarayya.

Yanzu ga iyaye. Doka ba ta ɗaure uba don kawai shi ya haifi mai laifi, laifi na wanda ya aikata ne. Amma Hausawa sun ce ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa, kuma Dokar Haƙƙin Yara ta rubuta yadda jifan ke zuwa. Kotu na da ikon tilasta wa uba, uwa ko mai riƙo su halarci zaman. Idan kuma ta ga tara, diyya ko kuɗin shari'a ne ya dace, iyayen za ta umarta su biya a madadin yaron, sai fa idan ba a same su ba, ko ta gamsu ba su yi sakaci wajen kula da shi da tsawata masa ba. Tana iya sa su ɗauki alkawarin kyautata halinsa da jingina. Kalmar da komai ya rataya a kanta ita ce sakaci. Uban da shugaban makaranta ya kira ya nuna masa saƙonnin, ya ce "yaran zamani ne," ya bar wa yaron wayar kuma ya ci gaba da sa masa data, zai sha wuya ya gamsar da alƙali cewa ya yi bakin ƙoƙarinsa. Wanda ya karɓe wayar a ranar, ya sa aka janye ƙaryar a guruf ɗin da aka yaɗa ta, ya taka ƙafa zuwa gidan su yarinyar, yana da abin faɗa. Idan kuwa shi ya zuga, ko rigimar manya ce aka ba yara su ƙarasa a Facebook, to ba maganar sakaci ake ba, shi ma mai laifi ne.

Akwai wata hanya da abin ke isa ga uba tun kafin kotu. Tun ƙarshen 2020 aka wajabta haɗa kowane layin waya da lambar NIN, kuma layukan da yara ke riƙe da su da yawa da sunan uba, uwa ko yaya aka yi musu rajista. Sashe na 38 na Dokar Laifukan Intanet ya sa kamfanonin sadarwa su adana bayanan masu layi na shekara 2, su miƙa wa jami'an tsaro idan an nema bisa ƙa'ida. Idan an bi sawun lamba, sunan da zai fito shi za a fara gayyata ofishin 'yan sanda. Ga kuma batun shekaru: Facebook, Instagram, TikTok da WhatsApp duk sun sa 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe shafi, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta nemi amincewar iyaye kafin a sarrafa bayanan yaro. Uwar da ta buɗe wa 'yar shekara 10 TikTok da ranar haihuwar ƙarya ba za ta ce ba ta sani ba.

Gidan da aka cuta kuwa, abin da ya fi jawo musu asarar shari'a shi ne gogewa. Cikin ɓacin rai ake share saƙonni, a fita daga guruf, wani lokaci a fasa wayar. A bar komai yadda yake. A ɗauki hoton fuskar waya yadda lamba, rana da lokaci za su fito, a ajiye saƙonnin murya, a adana ita wayar kanta, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman bayanin na'urar da shaidar ta fito daga cikinta kafin kotu ta karɓa. Idan hoton tsiraici ne, kada a kwafa, kada a tura wa kowa, a kai wayar ga masu bincike. Ana iya kai ƙorafi ofishin 'yan sanda mafi kusa ko Cibiyar Yaƙi da Laifukan Intanet ta rundunar da ke Abuja. Ƙa'idar aiki da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta fitar a 2022 ta ɗora wa kamfanonin sada zumunta sauke irin waɗannan hotuna idan an sanar da su, kuma akwai wani tsari na kyauta mai suna Take It Down da ke taimaka wa 'yan ƙasa da 18 hana hotonsu yawo a Facebook, Instagram da TikTok ba tare da sun aika hoton ga kowa ba.

Ina roƙon iyaye kada su fara da dukan yarinyar ko ƙwace mata waya a matsayin horo. Tsoron haka ne ya sa ta yi shiru tun farko, kuma a kan wannan tsoron mai barazana yake cin kasuwarsa. Ba kowace magana ce kuma sai ta je kotu ba. Zaman sulhu a ofishin shugaban makaranta ko gaban mai unguwa yakan fi sauri, muddin an rubuta abin da aka amince, an goge abin a gaban shaidu, kuma janye ƙaryar ya kai inda ƙaryar ta kai. Amma barazanar kisa, neman kuɗi da hoton tsiraici sun wuce "a yi haƙuri a rufa asiri." Idan irin wannan shari'a ta kai ga hukunci ƙarƙashin sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet, kotu na iya ƙarawa da umarnin hana mai laifin sake tuntuɓar wanda ya cuta ko tsoratar da shi, kuma karya wannan umarnin laifi ne na daban, mai ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 10 ba ko duka biyun.