Siririn Teku na duniyar Westeros

Siririn Teku, wanda ake kira Narrow Sea a Turance, mashigin ruwa ne a ƙagaggiyar duniyar da marubucin Amurka George R. R. Martin ya ƙirƙira cikin jerin littattafansa na A Song of Ice and Fire, waɗanda na farkonsu ya fito a 1996. Tekun ya miƙe ne daga arewa zuwa kudu, nahiyar Westeros na yamma da shi, Essos na gabas. Ta arewa yana buɗewa ya haɗe da wani teku mai tsananin sanyi. Ta kudu kuwa sai an ratsa tsibiran Stepstones kafin a faɗa Tekun Bazara mai ɗumi.

Gaɓar yamma cike take da lungu da saƙo. Akwai ziraran duwatsu da suka kutsa cikin ruwa, ana ce musu Yatsu, sai tashar jiragen ruwa ta Gulltown, sai babban lungun Blackwater inda birnin sarauta King's Landing yake. A bakin lungun ne tsibiran Driftmark da Dragonstone suke, na biyun da dutse mai aman wuta, kuma hanyar da jirage ke bi su shiga ana kiranta Maƙogwaro. Sunan ya dace, domin wanda ya toshe ta ya shaƙe birnin. Can kudu akwai tsibirin Tarth mai shuɗin ruwa da lungun Shipbreaker, wato mai farfasa jirage, inda guguwar da ke tasowa daga Tekun Bazara ke sauka da kaka. A gaɓar gabas biranen fatauci ne masu cin gashin kansu: Braavos a arewa, Pentos a tsakiya, Myr da Tyrosh a kudu.

Ƙarshen kudu ya fi ko'ina tarihi. Bisa almarar mutanen Westeros, a da babu ruwa a nan, wani zirin ƙasa ne da ake kira Hannun Dorne ya haɗe nahiyoyin biyu. Ta kansa Mutanen Farko suka tako da ƙafa da dawakansu kimanin shekaru 12,000 kafin zamanin labarin. 'Ya'yan Daji, wasu ƙananan halittu da aka tarar a ƙasar, suka yi tsafi ruwa ya karya zirin, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, baƙin sun shigo. Abin da ya rage shi ne Karyayyen Hannu a ɓangaren Dorne, yankin kudancin Westeros, da ɓaraguzan tsibiran Stepstones, sunan da ke nufin duwatsun da ake takawa a ƙetare rafi. Tsibirai ne marasa albarka, mafakar 'yan fashin teku, amma duk jirgin da ke safara tsakanin kudu da arewa sai ya bi ta cikinsu. Shi ya sa ba a daina zubar da jini a kansu ba. Yarima Daemon na gidan sarautar Targaryen da Corlys Velaryon, mai mulkin Driftmark, sun yaƙi ƙawancen biranen Myr da Lys da Tyrosh a nan tun daga shekara ta 106 bayan da Aegon Targaryen ya ci Westeros da yaƙi, an kuma sake gwabza wani yaƙin a shekara ta 260.

Hikimar wannan taswira ita ce faɗin ruwan: ya isa ya raba harsuna da addinai da dokoki, har bauta ta zama haram a yamma alhali ana cinikin bayi a wasu biranen gabas, amma bai isa ya hana maƙiyi ƙetarewa ba. Andalawa, wata al'umma daga Essos, sun haye shi da jirage suka sauka a Yatsu. Gidan Targaryen ya ƙaura Dragonstone shekaru 12 kafin halakar Valyria, ƙasarsu ta asali a Essos, daga can kuma Aegon ya ci nahiyar. Wanda aka kora daga mulki ma nan yake bi ya tsere gabas, ya zauna yana hangen gida.

Mahayan Dothraki, wata ƙabilar mayaƙa ta Essos, su kaɗai tekun ya tare, domin ba su yarda da ruwan da doki ba ya sha, suna ce masa ruwan guba. A littattafai 5 da suka fito zuwa 2011, Daenerys Targaryen, ɗiyar sarkin da aka hamɓarar wadda ke gudun hijira a Essos, ba ta ƙetare shi zuwa gida ba tukuna. A Game of Thrones kuwa, shirin talabijin da tashar HBO ta yi daga littattafan, ta sauka Dragonstone a zango na 7, wanda aka nuna a 2017.