Kashi 20 na Jihohin da ke Baya a Boko: Wa Yake Taimaka wa a Fannin Kimiyya?

Duk lokacin da sakamakon JAMB ya fito sai maganar ta dawo: wai ɗan Arewa ko da ya faɗi jarrabawa za a ba shi likitanci ko injiniyanci saboda kaso. Wasu na faɗin haka don gori, wasu iyayen namu kuma sun yarda har suna sakin jiki. Duka biyun sun yi wa ƙa'idar gurguwar fahimta.

Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi uku: 45 cikin ɗari bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da ke baya a ilimin boko. Jihohin nan 23 ne, kuma har da Bayelsa, Ebonyi, Ribas da Kuros Riba a ciki, ba Arewa kaɗai ba. Akwai kuma tsarin ba kimiyya kashi 60 na gurabe, sauran fannoni 40. Mata ba su da wani kaso na daban a wannan rabon.

A kashi 20 ɗin nan ake ruɗewa. Ɗauki sashen da ke da gurbi 100. Ana fara cike 45 daga masu maki mafi yawa, ko daga ina suke, sannan 35 na yanki. Ashirin ɗin da suka rage, 'yan waɗancan jihohin ne za su yi takara a kansu, su ma bisa maki. Kafin yarinya daga Yobe ta shiga wannan layin, sai ta cika sharaɗin kowa a fannin kimiyya: kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, mafi ƙarancin makin jami'ar, da haɗin darussa daidai. A jarrabawar JAMB, likitanci na son Turanci, Fizis, Kimistiri da Bayoloji. Injiniyanci kuwa Lissafi ne a madadin Bayoloji. Yara da dama a nan suke faɗuwa, mai shagon intanet ya cike musu haɗin da bai dace ba, su kuma ba su duba ba.

Hattara da mai cewa zai samo gurbi ta bayan fage da sunan kaso. Tun 2017 ta manhajar JAMB mai suna CAPS ake ba da gurbi, ɗalibi ya shiga da kansa ya amince. Gurbin da bai bi ta nan ba, JAMB ba ta san da zamansa ba, kuma wanda sunansa ba ya cikin rajistarta ba ya zuwa bautar ƙasa, ko da ya shekara shida yana karatu.

A ganina ƙa'idar tana da adalci, sai dai hannunta gajere ne. Takardar asalin ƙaramar hukuma take dubawa, ba makarantar da yaro ya yi ba. Don haka wanda ya yi sakandare mai tsada a Abuja yana layi ɗaya da ɗan ƙauyen da bai taɓa shiga ɗakin gwaje-gwaje ba sai ranar jarrabawar WAEC, kuma makarantarsu ba malamin Fizis. Wannan gyaran yana wuyan gwamnatocin jihohi, domin yawancin sakandaren gwamnati a hannunsu suke.