Sankarar mama da ta bazu: magani da jinya

Sankarar mama da ta bazu ita ce wadda ta bar nono ta kama wasu sassan jiki, galibi ƙashi, hanta, huhu ko ƙwaƙwalwa. Likitoci na kiranta mataki na 4. A nan ba a cika samun waraka ba. Abin da ake nema shi ne a danne cutar, a tsawaita kwana, mara lafiyar ta rayu cikin sauƙi da mutunci.

Tarihin magani

A 1896 George Beatson, likitan fiɗa a Glasgow, ya bayyana cewa ƙarin sankarar ya lafa a jikin wata mata bayan ya cire mata gidan ƙwai. Daga baya aka gane cewa sinadarin estirojin, wanda gidan ƙwai ke samarwa, na ciyar da wasu nau'o'in cutar. Wajen 1971 aka fara gwada ƙwayar tamoxifen, mai tare aikin estirojin, a asibitin Christie da ke Manchester, Amurka kuma ta amince da ita a 1977. Allurar Herceptin ta biyo baya a 1998, domin nau'in cutar mai yawan wani furotin da ake kira HER2, wanda ke kama kusan mace ɗaya cikin biyar masu cutar. Ƙwayar palbociclib, wadda ake haɗawa da magungunan danne estirojin, ta zo a 2015. Nau'in da ba ya jin waɗannan, kemoterafi, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara, shi ne ginshiƙin maganinsa.

Cire nono bayan cutar ta bazu yana da saɓani: gwajin asibitin Tata na Indiya bai nuna ƙarin kwana ba.

Jinya

Cicely Saunders, wadda ta fara da aikin nas, ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967. Koyarwarta ita ce a ba da maganin zafi kan lokaci, kada a jira sai ciwo ya taso, kuma a ɗauki fargaba da damuwar iyali a matsayin ɓangaren ciwon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da matakai uku na maganin zafi a 1986. A 2004 Uganda ta ba nas-nas masu horo na musamman izinin rubuta mofin, maganin zafi mai ƙarfi, abin da ya kai sauƙi har ƙauyuka.

Nas ce ke wanke gyambon da ya fashe, ta sa maganin metronidazole don kashe wari, wanda sau da yawa shi ke sa mace ɓuya daga danginta. Tana lura da taurin bayan gida da mofin ke haddasawa. Zazzaɓi bayan kemoterafi, ko ciwon baya haɗe da mutuwar ƙafafu, na buƙatar likita nan take.